Kunne da Makirufo: Yadda Ake Saita Ƙwayar Lantarki Mai Daidaita Murya

Muryar ɗan Adam ba ta tafiya a kan ma'auni guda. Mai magana yakan ɗaga ta idan ya zo gaɓar da yake son a ji da kyau, yakan sassauta ta a ƙarshen jimla, yakan kuma juya kai gefe ko ya ja da baya ba tare da ya lura ba. Wanda ke zaune kusa da shi ba ya ganin wata matsala cikin wannan, domin kunnensa na gyara bambancin tun kafin saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. Amma da zarar an sa makirufo da lasifika tsakaninsu, sai abin ya fito fili. A taron muhawarar makarantu, alal misali, ɗaliba mai sanyin murya takan gama jawabinta na bayan zaure ba su ji ko kalma guda ba, wanda ya biyo bayanta kuwa da ya ƙwala murya sai lasifika ta riƙa karkarwa kamar ganga mai yagaggiyar fata. Mai kula da na'ura ya ƙara, ya rage, ya sake ƙarawa, amma kullum hannunsa a makare yake, domin sai ya ji ɓarnar sannan yake gyarawa.

Masana lantarki sun ɗora wannan aiki a kan wata 'yar ƙwaya da ba ta kai farcen yatsa girma ba, irin wadda masu gyaran rediyo ke kira aisi. Ana dasa ta daf da makirufo, kafin babbar amfilifaya, ta ƙarfafa raunannen lantarkin da makirufo ke fitarwa, sannan ta yi wasu ayyuka uku: ta matse tazarar da ke tsakanin ƙaramar murya da babba, ta kafa iyakar da sauti ba zai tsallake ba, ta kuma rufe ƙofa ga hayaniyar ɗaki idan mai magana ya yi shiru. Ayyukan nan uku a sarƙe suke da juna, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa kan haɗa ƙwayar daidai amma sautin ya fito da muni fiye da yadda yake tun farko.

Ma'aunin desibel

Sauti ba komai ba ne illa motsin iska, watau matsin iska ya ɗan hau ya ɗan sauka sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Sautin da ke sa kunne ciwo ya ninka mafi ƙanƙantar sautin da kunne mai lafiya ke iya ji kimanin sau miliyan guda a wajen matsi. Lissafi da irin waɗannan lambobi yana da wahala, saboda haka aka ƙirƙiro ma'aunin desibel, wanda aka samo sunansa daga Alexander Graham Bell. A wannan ma'auni, ƙarin desibel 6 na nufin matsin ya ninka sau 2, ƙarin desibel 20 na nufin ya ninka sau 10, ninkin miliyan ɗin nan kuwa ya zama desibel 120 kacal. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60, ihu kuwa yakan haura 80. Akwai kuma abin da ya kamata mai riƙe makirufo ya sani: duk lokacin da nisan bakinsa da makirufo ya ninka biyu, sautin da ke isa gare ta yakan ragu da kimanin desibel 6. Wanda ya ja da baya daga santimita 10 zuwa santimita 40 ya zubar da desibel 12 ke nan, alhali bai sauya muryarsa ba.

Abin da kunne ke yi

Sauti kan bugi dodon kunne, ya bi ta ƙananan ƙasusuwa uku na tsakiyar kunne, waɗanda ake kira guduma da maƙera da likkafa saboda siffarsu, sannan ya shiga katantanwar kunne, wani murɗaɗɗen bututu mai cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kuma iri biyu ne. Na ciki, kimanin 3,500 a kowane kunne, su ne ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar ji. Na waje sun fi yawa, kusan 12,000, kuma an daɗe ba a san takamaiman aikinsu ba.

A shekarar 1948 wani masani mai suna Thomas Gold ya yi hasashen cewa dole ne akwai wani abu mai ƙara wa motsi ƙarfi a cikin katantanwa, in ba haka ba ruwan da ke ciki zai kashe raunannen sauti. Ba a kula da maganarsa ba sai bayan shekara talatin, lokacin da David Kemp ya sa 'yar makirufo a ramin kunne a Landan, a 1978, ya tarar cewa kunne da kansa yana fitar da sauti. A 1985 William Brownell da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin waje suna miƙewa suna takurewa idan lantarki ya ratsa su, a shekarar 2000 kuma aka gano furotin ɗin da ke yin wannan aiki, aka sa masa suna firestin. Ashe ƙwayoyin waje amfilifaya ce mai rai.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wannan amfilifaya ba ta ƙara wa kowane sauti daidai wa daida. Raunannen sauti takan ƙara masa desibel 40 zuwa 50, matsakaici ta ƙara masa kaɗan, mai ƙarfi kuwa kusan ta ƙyale shi yadda ya zo. Sakamakon haka, a matsakaicin ƙarfi, sai sauti ya ƙaru da desibel 3 zuwa 5 a waje kafin motsin cikin katantanwa ya ƙaru da desibel 1. Wannan shi ne matsewa. Ga ƙara mai tsanani kuma akwai wata 'yar tsoka da ke manne da likkafa, wadda ita ce mafi ƙanƙanta cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum. Takan ɗame ta rage motsin ƙashin idan ƙara ta yi yawa, takan kuma yi haka daf da lokacin da mutum zai fara magana, don kada muryarsa ta cika masa kunne. Sai dai tana buƙatar wani yanki na daƙiƙa kafin ta ɗame, shi ya sa ba ta kare kunne daga ƙarar bindiga.

Cikin ƙwayar

Makirufon da aka fi samu a ƙananan na'urori ita ce ilektiret, wadda Gerhard Sessler da James West suka ƙera a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1962. Tana da arha, tana da ƙarko, amma abin da take fitarwa ga muryar hira 'yan milibolt ne kawai, watau 'yan ɓangarori cikin dubu na bolt guda. Kuma ba ta da wayo ko kaɗan: idan sauti ya ninka goma, lantarkinta ya ninka goma.

Daga cikin ƙwayoyin da aka ƙera don gyara wannan akwai SSM2166 da ƙanwarta SSM2167, na kamfanin Analog Devices. Ta farko tana da ƙafa 14 tana aiki da bolt 5, ta biyu ƙafa 10 gare ta kuma bolt 3 ya ishe ta. Tsarin cikinsu kusan ɗaya ne. Akwai sashen da ke auna ƙarfin sautin da ke shigowa a kowane lokaci, akwai amfilifaya wadda ake iya ƙara ko rage ƙarfinta ta hanyar lantarki maimakon hannu, akwai kuma sashen da ke tsakaninsu, mai duba abin da aka auna ya ba amfilifayar umarni. Umarnin da zai bayar ya dogara ne ga 'yan resistocin da mai haɗawa ya maƙala wa ƙafafun ƙwayar daga waje. Saboda haka saitawa a nan na nufin zaɓen resista, ko kuwa juya resista mai juyawa irin ta ƙara da rage sautin rediyo.

Malami zai iya zana dukan halin ƙwayar a kan allo da layi guda. A sa ƙarfin abin da ke shiga a kwance, na abin da ke fita a tsaye, duka da desibel. Layin zai kasu kashi uku. A hagu yana gangarowa ƙasa da sauri, nan ne yankin ƙofa. A tsakiya yana hawa a hankali, nan ne yankin matsewa. A dama kuwa ya kusa kwanciya, nan ne yankin iyaka. Wurin da na tsakiya ya haɗu da na dama shi ake kira gaɓar juyi, domin idan aka sauya yawan matsewa, layin tsakiya yakan juya a kan wannan gaɓa kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maratayinsa, ita kuwa gaɓar ba ta motsi.

Matsewa da abin da take jawowa

Ana faɗin yawan matsewa da lambobi biyu. Matsewar 2:1 na nufin duk sauyin desibel 2 a abin da ya shiga zai zama sauyin desibel 1 a abin da ya fita. A ɗauka tazarar da ke tsakanin ɗaliba mai sanyin murya da ɗalibi mai ƙaraji desibel 20 ce. A 2:1 tazarar za ta koma 10, a 5:1 ta koma 4, a 10:1 ta koma 2, watau da ƙyar mai sauraro zai bambance ƙarfin muryoyinsu. SSM2166 na iya kaiwa 15:1, SSM2167 kuwa ta tsaya a 10:1. A ita ta biyun, resista mai kilo-om 15 a ƙafar matsewa na ba da 2:1, mai kilo-om 75 na ba da 5:1, mai 175 kuma 10:1. In an haɗa ƙafar kai tsaye ba resista, babu matsewa sam.

Mai karatu zai iya cewa to me zai hana a kai matsewa ƙarshe a huta? Amsar tana cikin gaɓar juyi. Tun da gaɓar ba ta motsi, matsewa a irin wannan ƙwaya ba danne babbar murya take yi ba, ɗaga ƙarama take yi zuwa wajen babba. Ita kuwa ƙwaya ba ta san bambancin muryar ɗaliba da kukan fanka ba. Abin da ta sani kawai wannan sauti rauni gare shi, a ɗaga shi. A ce ƙarar fankar sama da gurnanin janareta daga bayan gini suna ƙasa da gaɓar juyi da desibel 30. A 2:1 za a ɗaga su da desibel 15. A 10:1 za a ɗaga su da desibel 27, fiye da ninki ashirin, su zauna desibel 3 kacal ƙasa da muryar mai magana. Muddin yana magana muryarsa ce ke riƙe da ma'aunin, amma da ya tsaya numfashi sai amfilifaya ta buɗe, hayaniya ta taso kamar iskar hadari, ya ci gaba da magana ta koma ta kwanta. Wannan hawa da sauka ya fi hayaniyar da ke tsaye wuri ɗaya gajiyar da mai sauraro.

A nan ne kunne ya yi wa ƙwaya nisa. Shi ma yana ɗaga ƙarar fanka, amma a bayansa akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke watsar da sautin da ba ya sauyawa, har mutum ya manta da janareta sai an kashe shi. Tana kuma iya zaɓar murya ɗaya cikin taron biki ta bi ta, abin da Colin Cherry ya yi nazari a kai a 1953. Ƙwayar lantarki ba ta da komai irin wannan, sai aka yi mata abin da ya sawwaƙa, watau ƙofar hayaniya.

Ƙofa da iyaka

Ƙofar hayaniya ƙa'ida ce mai sauƙi: duk sautin da ya gaza wani mataki a ɗauke shi hayaniya, a daina ɗaga shi, a ma danne shi. Ba rufewa take yi garam ba. A ƙasa da matakin, duk raguwar desibel 1 a abin da ya shiga takan zama raguwar kimanin desibel 3 a abin da ya fita, don haka sautin dusashewa yake yi. A SSM2167 ana iya sa matakin tsakanin milibolt 10 da ƙasa kaɗan da milibolt 2, kuma gwargwadon girman resistar ƙofa gwargwadon saukar matakin.

Kafa wannan mataki shi ne mafi wuya cikin aikin duka. In ya yi ƙasa, hayaniya ta wuce. In ya yi sama, ƙofa ta fara cin magana, domin sassan magana ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasula suna da ƙarfi, baƙaƙe irin su f da s da h kuwa rauni gare su ƙwarai, kuma murya takan yi sanyi a ƙarshen jimla. Ga mai magana da Hausa wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin a ƙarshen jimla ne kalmar korewa ta biyu ke zama. Idan ƙofa ta haɗiye ta, wanda ya ce "ba Musa ba" sai a ji kamar ya ce "ba Musa", hani ya koma umarni.

Ya kamata kuma a sani cewa ƙofa ba ta tace hayaniya daga cikin magana. Idan ta buɗe don murya ta wuce, fanka ma ta wuce tare da ita. Haka nan gurnanin wutar lantarki mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wanda doguwar waya marar rigar kariya kan kwaso, maganinsa shi ne waya mai kyau da gajarta nisa tsakanin makirufo da ƙwaya.

Iyaka ba ta da wannan rikici. Da sauti ya haura gaɓar juyi, sai matsewa ta tashi zuwa 10:1 ko 15:1, gwargwadon irin ƙwayar, ko da me aka zaɓa a yankin tsakiya. Manufar ita ce kada lantarki ya wuce abin da na'ura ta gaba za ta iya ɗauka, domin in ya wuce ana yanke kan igiyar sautin, wannan ne kuma ke haifar da karkarwar nan. A SSM2166 resista guda ce ke kafa gaɓar. A SSM2167 an kafa ta tun daga masana'anta a kimanin milibolt 63 na abin da ya shiga, wanda ke fita a matsayin rabin bolt.

Wanne ake fara saitawa

Tun da komai a kan gaɓar juyi yake juyawa, tsarin aikin daga sama yake farawa ya gangaro. Da farko a cire matsewa, a sauke matakin ƙofa har ƙasa, a daidaita ƙarfin amfilifaya yadda muryar hira, a nisan da za a riƙa tsayawa, za ta ba da sauti mai kyau. Sannan a sa wani ya ɗaga murya iyakar yadda ake tsammani a taro, a sauke gaɓar juyi har karkarwa ta ɓace. Bayan haka ne za a taɓa matsewa, domin a SSM2166 resista ɗaya takan ba da matsewa dabam idan aka sauya gaɓar juyi, wanda ya fara da matsewa kuwa sai ya sake aikin. A fara da 2:1, a ƙara a hankali, a tsaya da zarar an ji ƙaramar murya sarai. Ga magana a zaure da wuya a buƙaci fiye da 3:1. Matsewa mai yawa ta fi dacewa da rediyon hannu na masu tsaro da makamantansu, inda fahimtar saƙo kawai ake nema ba daɗin murya ba.

Ƙofa ce ta ƙarshe, kuma a ainihin wurin da za a yi amfani da na'urar ake saita ta, fanka na juyawa, janareta na aiki. Ƙofar da aka saita a ɗakin gwaji da dare ba ta da amfani a zaure da rana. A yi shiru, a ɗaga matakin har hayaniya ta kwanta, sannan a sa mai sanyin murya ya karanta jimloli masu farawa da s ko h, masu ƙarewa da ba. In an ji ana gutsure su, a ɗan sauke matakin, a haƙura da ragowar hayaniya. In kuwa babu matakin da ya raba murya da hayaniya, to laifin ba na ƙwaya ba ne: a matso da makirufo kusa da baki, domin rage nisa da rabi na ƙara wa murya desibel 6 ba tare da ya ƙara wa fanka komai ba. Babu resistar da ke iya wannan.

Sauran abu guda shi ne lokaci. Sashen aunawa yana tara abin da ya ji a cikin kafasita guda da ke waje, girmanta kuma shi ke nuna saurin ƙwayar. Ƙaramar kafasita na sa ta yi gaggawa har ta riƙa bin kowace kaɗawa ta muryar namiji mai kauri, ta gurɓata ta. Babba na sa ta nawa, farkon ihu ya kuɓuce kafin iyaka ta kama shi, kamar yadda ƙarar bindiga ke riga tsokar likkafa. Ga SSM2167 ana farawa da maikrofarad 10.

Inda makirufo da lasifika ke ɗaki guda akwai wani haɗari kuma. Kukan nan mai huda kunne yana tashi ne idan sautin lasifika ya koma cikin makirufo da ƙarfin da ya isa ya sake zagayowa. Matsewa na buɗe amfilifaya sosai a lokacin shiru, don haka na'urar da ke zaune lafiya ana magana takan fashe da kuka da zarar an yi shiru. A irin wannan wuri ana rage matsewa, a kuma kawar da fuskar lasifika daga makirufo.

Idan ƙwayoyin waje suka mutu

Ƙara mai yawa, da tsufa, da wasu magunguna irin su jentamaisin, sukan kashe ƙwayoyin waje na katantanwa kafin na ciki. Desibel 85 na tsawon awa 8 a rana shi ne matakin da masana lafiyar ma'aikata ke ɗauka a matsayin farkon haɗari, kuma injin niƙa da janareta na kusa sukan haura shi. Wanda ya rasa waɗannan ƙwayoyi ya rasa matsewar kunnensa. Ƙaramar murya ba ya jin ta, domin ba mai ɗaga ta, amma babba tana isa gare shi da cikakken ƙarfinta. Shi ya sa dattijo kan ce a ɗaga murya, a ɗaga, sannan ya ce don me ake yi masa ihu. Ba rigima ba ce, tazarar da ke tsakanin abin da ba ya ji da abin da ke damunsa ce ta ƙuntata.

Na'urar taimakon ji da ke ƙara wa kowane sauti daidai ba ta yi wa irin wannan mutum amfani. Na'urorin zamani suna matsewa ne, kuma sukan raba sauti gida-gida, daga mai kauri zuwa siriri, kowane gida da yawan matsewarsa gwargwadon ɓarnar da aka auna a kunnen mai ita, tare da iyaka a sama da dusashewa a ƙasa don kada ta riƙa ɗaga hucin kanta. Mai sawa zai zauna da ita har ƙarshen rayuwa, domin ƙwayoyin gashi na katantanwar mutum da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa sake tsirowa. Na tsuntsaye kuwa suna tsirowa: a 1988 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka suka nuna cewa kaji da salwa da ƙara ta lalata wa kunne sukan sake yin sababbin ƙwayoyi cikin 'yan makonni.